Rigar Sanyi a Tsakiyar Bazara

Kun sha tambayata abin da ya sa ni kaɗai a cikin sa'o'ina nake kiran ɗan farina da sunansa gatsal, kuma na san gwaggwanninku sun riga ni ba ku amsa: wai boko ne ya wanke mini ido. Wasu ma sun ce muku ni da kakarku Iya mun yi shekara guda ba ma ga maciji. To, ba shekara ba ce, wata biyar ne, kuma boko bai san hawa ba bai san sauka ba. Kafin in ɗauki alƙalami sai da na kira Yayanku Habibu na tambaye shi ko ya yarda in rubuta, domin sirrinsa ne kafin ya zama labarina. Ya yi dariya ya ce in rubuta, mutumin da ya fara furfura me ya rage masa na ɓoyo, amma kada in kuskura in rage wa kaina laifi. Ba zan rage ba.

A lokacin muna garinmu na kan hanyar Dayi zuwa Malumfashi, ina aiki a ƙaramin asibitin garin, ni ce mai awon ciki da karɓar haihuwa. Kowa Malama yake ce mini. Habibu kuwa tun ranar da aka yaye shi Iya ta ɗauke abinta, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ɗakinta yana kallon nawa, tsakar gida ce kawai a tsakani, amma shekara goma sha takwas ban taɓa furta sunan yaron nan ba. In ina son a kira shi sai in ce, "A ce wa ɗan Iya tuwonsa na hucewa." Shi ma Malama yake ce mini, kamar kowane ɗan gari. Kuma kada in yi muku ƙarya, ina jin daɗin abin. In mata suka taru wurin suna suka ce, "Rabi dai duk da aikin asibitinta akwai kunya," sai in ji kaina ya yi girma.

A wurin aiki kuwa bakina ba shi da linzami. Babu abin da ba na faɗa wa matan aure a kan benci ranar awo. Cutar da ta fi ba ni haushi a shekarun nan ita ce wadda ake ce wa ciwon sanyi, wadda ake ɗauka ta wurin saduwa. Lokacin ko sunan ƙanjamau ba mu taɓa ji ba. Na ga jarirai da aka haifa idanunsu na zubar da ruwan ciwo, na ga mata da suka shekara bakwai a ɗakin miji ko ɓatan wata ba su yi ba, ana ta yi musu hayaƙin aljanu, alhali cutar ce ta toshe musu hanyar haihuwa tun suna amare. Sunan da aka ba ta shi ne rabin masifarta. Da an ce sanyi sai mutum ya zargi ruwan randa, ko zama a kan siminti, ko tsallaka fitsarin wani. Duk na san wannan, ina kuma faɗa, amma sai ga waɗanda suka riga suka yi aure, wato bayan ɓarna ta gama shiga.

Shekarar da nake ba ku labari auduga ta yi kyau. A ƙarshen kaka mahaifinku, Malam Sule, ya ce Habibu ya isa ya bi mota ya kai tamu Funtuwa. Shi ne fitarsa ta farko ba tare da babba na gida ba. Suka tafi da wasu samarin gari da suka girme shi, suka kwana uku suna jiran layin awo, ya dawo da sabon takalmi da tsarabar burodi. Ban ga komai ba. Yo ta yaya zan gani, ni da ba na kallon fuskarsa?

Bazara ta shigo da ƙarfinta, irin zafin da kaji ke buɗe baki a gindin rumbu. Wata rana na dawo daga aiki da azahar, gumi har cikin takalmi, sai na tarar da yaron nan zaune a rana tsaka, sanye da tsohuwar rigar sanyin marigayi kakanku, Iya na tsaye a kansa da kwanon kunu yana tururi, ƙanshin citta da masoro ya cika gida.

"Iya, lafiya ɗan naku yake?" na tambaya, idona na kan kunun.

"Ina fa lafiya. Sanyi ya kama shi, shi ya faɗa mani da bakinshi. Wankan rafin da suka yi can Funtuwa ne. Na hana shi ruwan randa, sai mai zafi, shi ma kaɗan. Kwana bakwai zan gasa shi, ki ga in bai miƙe ba."

Dariya ta kusa ƙwace mini, na shige ɗaki. Ku ji fa, ni da nake jin kalmar nan kullum a asibiti na san abin da take ɓoyewa, a gidana na ji ta na ɗauke ta mura. Sai da aka yi mako guda. Ran nan da safe na hango shi ya fito daga makewayi yana dafa bango, ya cije leɓe, goshinsa ya jiƙe. Da na zo sharar zaure kuma tsintsiya ta jawo wata 'yar takarda a ƙulle, ciki kafso biyu ne, ja-da-rawaya, irin wanda samari ke saye a kemis su haɗiya biyu su ce sun warke. Na zauna a dakalin zaure da tsintsiya a hannu.

Da la'asar na sami mahaifinku yana gyaran ƙotar garma a bayan gida.

"Malam, sanyin da ke damun yaron nan ba na randa ba ne."

Ya ajiye ƙotar ya ce, "Rabi, kin san abin da ki ke faɗi kuwa?"

"Aikina ne, Malam. Ka zaunar da shi ka yi mashi magana, a kai shi a duba."

"Ni? Da wane bakin? Ubana har ya koma ga Allah bai taɓa yi mani irin wannan magana ba, ban san ta inda ake kama ta ba. In na zauna da shi, hannuna zai riga bakina. Ki ce ma malamin asibitinku ya gan shi."

Mahaifinku mutumin kirki ne, kun sani, gaskiyarsa ya faɗa. Amma malamin asibitin nan abokin hirarsa ne, tabarma ɗaya suke zama kullum. Na aika a ce Habibu ya je, sai yaro ya tsiri sammakon zuwa sharar gona, ba ya dawowa sai an tashi aiki. Kwana uku ana wannan ɓuya, ciwo yana ci, Iya tana ƙara citta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na san ya fara zuwa zance wurin wata yarinya a unguwar gabas, har Iya ta soma maganar aure in an yi kaka mai zuwa. Na riƙa ganin yarinyar nan a idona, shekara biyar gaba, zaune a kan bencina tana tambayata me ya hana ta haihuwa. Ashe wanzami ne ba ya son jarfa: 'ya'yan mutane nake tsagawa kullum, nawa ya zo na kasa.

Ranar Juma'a da hantsi na tsaya a tsakar gida. Habibu yana zaune a ƙofar Iya cikin rigar nan. Wallahi na karɓi haihuwar da ɗa ya zo a gicciye, ban ji tsoron da na ji a ranar ba. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa.

"Habibu."

Bai waigo ba. Bai san sunansa da muryata ba.

"Habibu! Cire rigar nan ka biyo ni ɗaki."

Ludayi ya faɗi daga hannun Iya. "La'ilaha illallahu! Rabi, mi kunnena ya ji? Ɗan farin naki ki ka kama suna haka tsirara, a gabana?"

"Iya, ku yi mani aikin gafara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa, ni kuma na zauna a gefen gado ina kallon jeren kwanukana, don ban iya kallonsa ba. Na yi masa tambayoyin da nake yi wa kowa: yaushe ya fara, akwai zafi wurin fitsari, akwai abin da ke fita. Da kai yake amsawa. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye muku ba, na so in kwaɗa masa mari. Amma da na ce, "A ina ka ɗebo shi?" sai yaron nan, ƙato da shi, gemu ya fara tsirowa, ya fashe da kuka. Ya ce a kwana na biyu manyan samarin suka ce a zo a je cin abinci, sai ga su a wani gidan mata masu zaman kansu bayan tasha. Da ya gane inda aka kawo shi ya juya zai fita, suka tare ƙofa suna tafi, suna ce masa goyon kaka, ɗan Iya mai shan kunu.

"Ni ban so ba, Malama. Wallahi ban so ba. Kunya na ji in ce a'a, su yi ta yi mani dariya har gida."

Kunya. Kalmar ta dake ni a ƙirji, domin ita ce dai wadda nake tinƙaho da ita wurin suna. Ita ta rufe mini baki shekara goma sha takwas, ita kuma ta rufe masa nasa a ƙofar gidan can na bayan tasha. Mun koya wa yaro sunkuyar da kai, ba wanda ya koya masa girgiza shi. Nan take fushin da nake yi da shi ya dawo kaina. Na juyo na kalli fuskarsa sosai, karo na farko tun yana goye, na ga ashe hancina ne da shi.

Na ce, "Ƙafarka ce ta kai ka, ba zan wanke ka tas ba, tsakaninka da Allah sai tuba. Amma ka ji wannan ka riƙe. A'a ba rashin kunya ba ce. Jikinka amana ce a hannunka, ba a hannun abokai ba, kuma dariya ba ta taɓa kwantar da kowa a asibiti ba."

Ya gyaɗa kai.

"Saura ɗaya. Na san abin da ku ke faɗi a majalisarku, wai in yarinya ta ce bari, jan aji ne, in ta yi shiru kuma ta yarda ke nan. Kai ma shiru ka yi a Funtuwa. Yarda ka yi?"

Ya ɗago ido jajir ya ce, "A'a."

"To haka ita ma. In ta ce bari, barin ta ke nufi. In ta yi shiru ta sunkuyar da kai, ka ja da baya. Ko bayan an ɗaura maku aure, mace ba garma ba ce da za a ɗauka ba a tambaye ta ba."

Washegari muka shiga motar Malumfashi, ni da shi kujera ɗaya. A babban asibiti akwai ƙawata Sista Felishiya, tare muka yi karatun aikin. Iyayenta 'yan kasuwa ne daga kudu, amma a Funtuwa aka haife ta, Hausa a bakinta har da karin magana. Tana ganinmu ta riƙe haɓa.

"Rabi, ke ce da ɗan fari a gefe? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara!"

Aka yi gwaji, aka yi masa allura, aka ba shi magani. Felishiya ta zaunar da shi ta ce kafso biyun kemis kwantar da ciwon suke yi, ba kashe shi ba, ya shanye wannan har ƙwayar ƙarshe ya dawo a sake dubawa. Ta kuma tambaye shi kwatancen gidan, ta ce za ta sa ma'aikaciyar lafiya ta can ta leƙa, domin matar da aka tura shi wurinta ita ma mara lafiya ce, kuma 'yar wasu ce. Likita ya ce mun zo a kan gaɓa, da an ƙara wasu makonni da ciwon ya sauka inda zai bar tabo. A hanyar dawowa, da mota ta tsaya ɗaukar fasinja, Habibu ya sayi gyaɗa ta taga ya miƙo mini, ya ce, "Mama, ungo." Na karɓa na juya fuskata waje, ban juyo ba har muka iso gida.

Ya warke sarai. Ni ce ban warke da wuri ba. Iya ta daina cin tuwona, ta kafa murhunta daban a ƙofar ɗakinta. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ba zan iya gaya mata dalili ba, don sirrin yaron ne, saboda haka abin da ta gani kawai shi ne suruka ta zubar da mutunci a tsakar gida ta kuma ƙwace mata jika. Magana ta fita gari. Matan da ke yabona wurin suna su ne yanzu ke yin shiru in na shigo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, yabo yana da daɗi, wanda ya ce muku bai damu da shi ba ku bincike shi.

Bayan kamar mako uku sai Habibu ya leƙo ɗakina ya ce, "Mama, kina da baƙi a zaure." Samari biyu ne cikin waɗanda aka je Funtuwa da su, har da wanda ya fi kowa tafi a ƙofar gidan nan, yanzu ya zama kamar kazar da ruwa ya doka. Su ma ciwon ne ya kama su, na tura su wurin Felishiya. Daga ranar na ce ba zan ƙara zama ina jiran sai yaro ya sa rigar sanyi a bazara ba. Na je wurin limamin garinmu, na durƙusa daga nesa na faɗa masa abin da nake gani a asibiti, ban kama sunan kowa ba. Ya ja carbinsa, sannan ya ce ba a kunya wurin neman sanin abin da zai tsare addini da lafiya. Ya kafa sharaɗi: maza daban, mata daban, kuma kowane yaro sai da yardar iyayensa.

Samari muka ba su Asabar a zaure, ni da malamin asibiti, mahaifinku yana zaune a waje yana yi kamar gyaran igiya yake. 'Yan mata kuma Alhamis da la'asar, a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu. Ranar farko huɗu suka zo, uwar ɗaya ma ta aiko a tafi da ita kafin a gama. Na gaya musu cutar sanyin nan ba randa ba ce, ba siminti ba ne, daga jiki take zuwa jiki. Na ce mace tana iya kasancewa ɗauke da ita ba alama ko ɗaya. Na yi musu bayanin tunjere, mai fitar da ƙurji ya bushe da kansa a ɗauka ya tafi, alhali ciki ya shige. Duk wadda ta ga abin da ba ta gane ba ta zo da wuri, ba zan gaya wa kowa ba. Sannan na ce kayan toshi ba kuɗin sayen mutum ba ne. Saurayi ne, malami ne, ɗan'uwa ne, mai sayen tallarki ne da ya ce ki shigo daga ciki ki karɓi kwanonki, kina da ikon ƙi. In kuma wani ya fi ƙarfinki, laifin nasa ne, ki faɗa wa babba, kada ki haɗiye. A ƙarshen kowane zama sai in sa su faɗi a'a ɗaya bayan ɗaya, ido cikin ido. Da fari ko ni da ke kusa ba na ji, sai rufe fuska da dariya. Kafin damina ta yi nisa sun kai goma sha biyar, kuma in suka faɗa har maƙwabta sai sun ji.

Iya fa? Tsohuwar da ta shekara goma ba ta taɓa taɓarya ba, sai ga shi duk Alhamis da la'asar daka ya taso mata. Ta jawo turmi kusa da mu ta yi ta lugude don kada a ji abin da nake faɗa. Na lura dai in na zo wurin da ke da muhimmanci, dakan yakan yi sanyi.

A wata na biyar Habibu ya gaji da ganin ana hukunta ni a kan laifinsa. Ban sa shi ba, ban ma sani ba sai daga baya: ya shiga ɗakin Iya ya faɗa mata komai da bakinsa. Kwana biyu ba ta fito ba sai alwala. A na uku ina tsintar shinkafa sai na ga inuwarta a kaina.

"Ke Rabi. Abin nan da ki ke faɗa ma yara, wai yana toshe haihuwa. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Iya."

"Ƙanwata Ladi aure uku ta yi, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Mijinta na fari ɗan tireda ne, kullum yana hanya. Mu ka ce iska ce. Har ta mutu ana ce mata juya."

Ba ta jira amsata ba, ta juya ta koma ɗaki.

Alhamis ta zagayo, an yi ruwa da safe, gari ya yi luf. Mun zauna ke nan sai ga Iya ta fito riƙe da hannun Saude, 'yar gwaggonku ta Maska, mai shekara goma sha huɗu, wadda ta zo mata hutu. Ta tura ta cikin yara, ita kuma ta kifa turmi ta zauna a kai, ta ba mu baya.

"Ni ba zuwa na yi ba," in ji ta. "Inuwa na biyo."

Na fara magana murya ƙasa-ƙasa. Can sai ta ce, ba tare da ta waigo ba, "Ɗaga murya mana, ɗiyar nan a baya ta ke."

Da aka zo faɗin a'a, layi ya kawo kan Saude. Yarinya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, ta faɗi wani abu da ko ita ba ta ji ba. Sai Iya ta juyo gaba ɗaya, ta buga sandarta a ƙasa.

"Ja'ira, haka aka koya maki? Ɗago kai ki dube ta! Buɗe baki ki ce A'A!"

Saude ta zabura ta faɗa da ƙarfi, yara suka kwashe da dariya. Ni kuwa na tsaya baki buɗe ina kallon tsohuwar nan, tana goge ido da gefen mayafi. Ta harare ni.

"Mi ki ke kallo? Ci gaba da aikinki, uwar Habibu."